Ƙofar Bajamushe da Duwatsun Kufanmu

Bajamushen ya iso garinmu a tsakiyar bazara, shekara biyar ko shida bayan samun mulkin kai, cikin wata ƙaramar mota cike da ƙarafan awo, hancinsa kuwa rana ta riga ta saɓule shi. An turo shi ne ya yi baraji, wato ya tare bakin ƙoramar da ke cinye mana gonakin kwari duk damina. Garin namu yana gindin tsauni tsakanin Keita da Ibohamane, ni ne kuma malamin lakwal ɗinsa, wato makarantar boko, ni kaɗai, da aji ɗaya na zana. Shekarata ashirin da biyu. A garin aka binne cibiyata, amma tun da na dawo daga karatu a Tawa da dogon wando da biro biyu a aljihun gaba, har sa'o'in babana suka koma kirana Mushe, yadda ake kiran malaman boko. Abin yana yi mini daɗi fiye da kima, ba zan ɓoye ba.

Da yake ni kaɗai ke jin Faransanci a garin, sai na zama bakinsa da kunnensa. Idan na sallami yara da la'asar, mukan zauna a inuwar gawon da ke bayan lakwal, ya kawo sukari in kawo gawayi, mu dafa shayi. Mutumin kirki ne, in faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na yi masa sharri. Yana cin tuwo da hannu, yana gaida tsofaffi da wata Hausa mai sa su riƙe ciki don dariya. Aibinsa ɗaya, kewar gida ta yi masa yawa, kuma maganinta a wurinsa shi ne ya zaro wasu katuna masu hoto daga littafin awonsa ya jera mini su a kan tabarma.

Garinsu ne a jikin katunan. Trier sunansa, a bakin wani kogi, ba nisa da ƙasar Faransa. Ya ce Rumawa ne suka kafa shi kusan shekara dubu biyu da suka wuce, tun babu wata ƙasa mai suna Jamus. Akwai gadar da ginshiƙanta na Rumawa ne, har gobe motoci na bi ta kai. Akwai wani makeken zaure inda sarakunan Rum suke zaman fada. Amma katin da ya fi so, wanda har gefensa ya lanƙwashe don yawan taɓawa, shi ne na wata ƙofar gari baƙa ƙirin, mai hawa-hawa. Ya ce kowane dutse a jikinta ya kai girman saniya a kwance, kuma babu laka ko siminti a tsakaninsu, ɗora su kawai aka yi aka ɗaure da ƙarfe. Ƙofofin garin huɗu ne a da. Uku mutanen garin ne da kansu suka cinye su, wannan ya ɗebi dutse ya yi ɗaki, wancan ya ɗeba ya yi shinge. Ita wannan ta tsira ne don wani bawan Allah ya shiga cikinta ya rufe kansa yana ibada har ya mutu, sai aka mai da ita coci, babu wanda ya ƙara taɓa ta.

Daga duwatsu sai ya koma kan mutane. Garinsu ya haifi wani jinjiri da aka ce ƙudan zuma sun sauka a bakinsa yana cikin zani ba su harbe shi ba, ya girma ya zama babban malamin coci mai zaƙin baki wanda sarakuna ke shakka. Ya haifi wani mai tarin gemu da ya yi rubutu kan ma'aikata da masu dukiya, rabin duniya na rantsuwa da shi, rabi na tsine masa, gidan da aka haife shi kuma yana nan ana zuwa kallo. Ya ce lokacin yaƙi an yi wa garin ruwan bama-bamai, shi yana yaro, ya tsaya a layi da mahaifiyarsa suna miƙa wa juna bulo hannu da hannu har aka share unguwarsu. Ni kuwa na saki baki ina sha. Na roƙi aron katin baƙar ƙofar na kafe shi a jikin zanar aji, na sa yara suka haddace cewa garin ya kusa shekara dubu biyu, alhali rabinsu ba su taɓa zuwa ko garin Buza da ke kusa da mu ba.

Wata rana yana zuba shayi na biyu sai ya ce, “To ku fa? Su wa garinku ya haifa?”

Tambayar nan ta taɓa mini inda ke ciwo. Kakanninmu manoma ne da suka rayu ƙarƙashin Abzinawa. Duk kaka raƙuma kan gangaro daga arewa a auna musu hatsi, shekarar da ba a samu ba ko aka yi gardama sai gari ya kwashi yara da awaki ya haye tsauni. A Tawa ɗalibai 'yan birni sun sha yi mini gori da wannan. In muka yi faɗa, kalma ɗaya suke jefa mini, wato bawa, in yi shiru. Littafin tarihin da aka koya mana kuwa sarakuna ne da yaƙe-yaƙe daga bango zuwa bango, ban taɓa ganin mai fartanya a ciki ba. Saboda haka na yi 'yar dariya na ce masa mu ba mu haifi kowa ba, hatsi muke haifa wasu su zo su ɗauka.

Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce. A bisa tsaunin da muke gindinsa akwai kufan tsohon garinmu, inda ake gudu a ɓuya. Babu ɗaki ko ɗaya da ya rage, sai wata doguwar ganuwa ta duwatsu wadda ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Wannan ganuwa ba ginin yaƙi ba ce kaɗai. Ranar sunan kowane jariri, mace ko namiji, in an yanka rago an watse, uban yakan je gonarsa ya zaɓi dutse gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya ɗora a ka, ya hau da shi da ƙafarsa ya sa a jerin gidansu. Ranar da mutum ya mutu, bayan an dawo daga maƙabarta, wani nasa ya hau ya kife dutsen. Shi ke nan al'adar. Ba a yanka komai a wurin, ba a roƙon komai. Wani baƙon malami ya taɓa cewa abin yana ƙamshin maguzanci, liman ya ce masa ya hau ya gani in akwai mai sujada, ya ƙara da cewa nasa dutsen ma yana can, na huɗu daga wajen gabas.

Mai riƙe da sanin duwatsun ita ce Gwaggo, yayar babana. Tsohuwa ce busasshiya mai haƙori uku da bakin da ko maigari ba ya son shiga. Ta gaji sanin daga kakarta. Ka nuna mata kowane dutse, ta faɗa maka na wane ne, ɗan wane, da abin da ya yi a duniya, har da abin da danginsa suka fi son a manta. Ina yaro ta sha jan kunnena zuwa can, ta nuna mini nawa, wani ja mai tsaga a gefe, wanda Baba ya ɗauko daga gonarmu ta fako. Tun da na shiga lakwal ban ƙara hawa ba.

Bayan kwana kaɗan da waccan hira, Bajamushen ya zo mini da damuwa. Aikin baraji na bukatar dutse mai yawa, damina na matsowa, ma'aikatansa da aka ɗauko daga Madawa suna ɓata yini wajen tsintar duwatsu ɗai-ɗai a kwari. Ya ce ya hau tsauni yana awo ya ga an riga an tara masa su a jere, daidai girman da yake so, kuma ta arewa akwai gangaren da kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, zai iya hawa. Ya tambaye ni, kuma ina tuna yadda ya tambaya, ko wurin tsohon abu ne, ko yana da mai shi, ko sai an nemi izinin maigari.

Na ce masa tarin duwatsu ne kawai, inda mutanen da suke ɓuya, ba na kowa ba ne.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa na ɗauka waɗanda suka zube a gefe zai kwasa. Ba gaskiya ba ne. Gaskiyar ita ce na ji kunyar in tsaya gaban mutumin da ke da ƙofar Rumawa in ce masa tarihinmu shi ne kowa ya ɗauki dutse a ka kamar mai gyaran gona. Na gwammace a ce ba mu da komai da a ce abin da muke da shi ke nan.

Ranar kasuwar Ibohamane kamiyon ya hau, lokacin maza duk sun watse tun da sassafe. Ina cikin aji da hantsi, ina tsaye gaban katin nan ina maimaita wa yara labarin ƙofofi ukun da aka cinye, sai ga matar maƙwabcinmu ta faɗo ba ko sallama, zani a hannu.

“Mushe, taso! Ana kwasam mutane bisa dutsi!”

Ban tambaye ta wane mutane ba. Na bar alli a ƙasa na fita da gudu. Hawan da nake yi cikin 'yan mintoci ina yaro, ran nan sai da na tsaya sau biyu ina haki, takalmin birni na zame mini. Da na kai, na tarar wajen arewa na ganuwar ya zama wawulo. Jerin gidanmu yana can, da na gidaje uku na maƙwabta. An riga an sauke lodi biyu a kwari, na uku ya kai rabi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, hannuwa a ƙugu, domin Gwaggo, wadda ta hau da awakinta ta tarar da ɓarnar, ta haye kan ganuwar daidai inda suka tsaya ta zauna ta miƙe ƙafafu. Direban yana ce mata ta sauka aikin gwamnati ne, ita ko kallo bai ishe ta ba.

Can sai ga Bajamushen ya iso, an je an kira shi daga kwari. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ɗan lakwal, tunda kai ka jin maganatai, tambaye shi. Wa yab ba shi?”

Na juya tambayar zuwa Faransanci. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai ni ne na ce masa ba na kowa ba ne.

Babu wanda ya ji abin da ya faɗa sai ni. Da na ga dama sai in ce takarda ce daga Keita, a tsine wa gwamnati a tashi, gwamnati ba ta jin zafi. Har maganar ta zo bakina. Amma ina tsaye ne a kan gurbin da aka cire kakannina, Gwaggo kuma tana kallon bakina kamar yadda take kallon awo a kasuwa.

Na ce, “Ya ce ni na, Gwaggo. Ni nic ce mai tarin duwatsu na, ba na kowa ba.”

Na yi zaton zagi zai biyo baya, na ma shirya masa. Ba ta zage ni ba. Ta sauko a hankali, ta kama hannun Bajamushen, wanda ya ninka ta biyu a tsawo, ta ja shi zuwa inda ganuwar ba a taɓa ba. Ta ce mini ba tare da ta waiwayo ba, “Biyo mu. Abin da nic ce shi za ka hwaɗi, kak ka rage, kak ka ƙara.”

Ta ɗora tafinta a kan wani baƙin dutse kifaffe. “Wanga shi yag gina rijiyar bisa dutsi. Shekara ukku shina sara, mutane na mai dariya. Ranar da anka kewaye mu kwana tara, ruwanai munka sha.” Ta matsa. “Wagga ita taɓ ɓoye iri cikin randunan ruwa shekarad da anka kwashe rumbuna ƙaƙaf. Duk hatsin da kac ci garinga jikan nata na.” Ta matsa kuma, ta daɗe a kan wani ɗan ƙarami. “Wanga anka ce shi duƙa a taka bayanai a hau raƙumi. Yat tsaya tsaye. Sunka yanke mai kunne guda, yat tsaya tsaye. Ya rayu har ya ga jikoki, ni na gan shi, shina ba mu goriba.”

Haka ta yi ta tafiya, ina biye ina juyawa. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari. Maƙerin da ya ƙi ƙera wa Abzinawa mari. Wani kuma ɓarawon awaki, domin Gwaggo ba ta tsallake kowa. Duk na taɓa jin waɗannan ina yaro, amma ban taɓa jin su suna fita daga bakina da Faransanci ba, harshen da na ɗauka an yi shi ne don sarakuna.

Bajamushen ya cire hularsa. Fuskarsa ta yi ja fiye da yadda rana ta mai da ita. Ya ce yana ba da haƙuri, amma yaya za a yi ya sani? Babu rubutu, babu alama, babu ko shekara a jiki. Ya ce kuma damina saura 'yan makonni, in barajin bai tashi ba ƙorama za ta sake cin kwarin, shi kuma yana da takardar umurni daga sufurehe, jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu, kuma ni ma'aikacin gwamnati ne, ya kamata in fahimta.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma na gode Allah da ya ɓaci. Na ce masa ƙofar garinsu da yake nuna mini kullum ba rubutu ne ya tsirar da ita ba, da bakinsa ya gaya mini mutum ne ya shiga ya zauna. To ga Gwaggo ta zauna a kan tamu. Na ce laifin nawa ne ba nasa ba, amma dutse ɗaya ba zai ƙara sauka daga tsaunin nan ba, in kuwa sufurehe ya tambaya wa ya tsai da aiki, ya rubuta masa cewa malamin lakwal ne, in ara masa biro. Na je na tsaya a gaban kamiyon. Kada wani ya ɗauka jarumi ne ke magana, tsoro nake ji, amma ban matsa ba.

Ya daɗe yana kallon ganuwar. Daga nan ya ce wa direba ya kashe mota, a sauke rabin lodin da ke ciki.

Da la'asar maza suka dawo daga kasuwa, labari ya riga su isa. Aka taru a ƙofar maigari. Baba yana cikinsu, dogo mai ciwon gwiwa, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko a kan jaki. Ya zauna ya saurari komai, bai dube ni ko sau ɗaya ba. Maigari ya sa na tambayi Bajamushen dutse nawa yake bukata. Da ya kwatanta, sai wurin ya ɗauki dariya, dariyar farko a ranar.

Maigari ya ce, “Hwaɗa mai, in dutsi shi ka biɗa, ya zo gidan dutsi. Tun kakanninmu muna hwaɗa da shi cikin gonaki, ba mu ci nasara ba. Gobe a yi gayya.”

Aka kuwa yi. Kwana huɗu maza suna tsince gonakin fako, jakuna na saukowa, har sai da Bajamushen ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Da tun farko an tambayi maigari, da abin da za a yi ke nan, kowa ya samu gona mai tsabta a kan kari.

Lodi na biyu yana nan a zube a bakin ƙorama, ba a taɓa shi ba. Bajamushen ya ce kamiyo zai mayar da shi sama. Gwaggo ta ce a'a.

“Bisa kai sunka hau, bisa kai za su koma.”

Ta zauna a gindin tarin tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa, tana kiran gida, mutanen gidan su zo su ɗauki nasu. Wani ta gane shi nan take, wani sai ta sa a wanke shi. Akwai biyu da ta yi yini guda tana musu da wani tsoho a kansu, kuma ita ta ci. Bajamushen ya zo ya tsaya a layi ba wanda ya kira shi. Ta dube shi ta ɗan yi tunani, sai ta ba shi duwatsun wani gida da ya ƙare, babu sauran mai ɗaukar musu. Mata suka naɗa masa gammo suna dariya. Ya yi sawu bakwai, wuyansa ya sanƙare har mako. Ni ma na yi ta ɗauka, na kowa da kowa, duk wanda aka miƙo mini. Ina ɗauka ina leƙen tarin, ina neman ja mai tsaga a gefe, har tarin ya ƙare ban gan shi ba.

Yana cikin lodi na farko. Shi wannan tun safiyar ranar kasuwa magina suka jera shi a gindin baraji suka zuba siminti, kafin Gwaggo ta hau da awakinta. Bajamushen ya ce in ana so zai sa a fasa. Dattawa suka zauna a kan maganar. Gajimare ya fara haɗuwa a gabas, kowa kuma ya san abin da ƙorama ta yi wa kwari bara. Suka ce a bari. Matattun da ke ciki Gwaggo za ta ci gaba da kiransu a jerinsu, in ta zo kansu ta nuna kwari. Rayayyu kuwa, duk wanda ubansa ke da rai, an yarda uban ya sake ɗauko masa wani daga gonarsa, tunda ba da saninsu aka yi ba.

Mu huɗu ne a wurin Baba, ni ne babba, kuma duk namu sun shiga siminti. Washegari da hantsi na ga ya ɗauki gammo ya nufi gonar fako. Ya hau da na ƙanwata mai bi mini, yana ɗingishi, yana hutawa a kowane lanƙwasa, ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa. Ya kwana biyu gwiwa a kumbure. Ya sake hawa da na ɗayar ƙanwar. Ya huta, ya hau da na autanmu. Na ce a raina ya bar babba ne a ƙarshe. Na jira kwana uku, na jira mako. Ruwan farko ya sauka, aka fita shuka, gammon yana rataye a jikin rumbu.

Na same shi a gona yana bin rami da iri, na karɓi ƙwaryar ina zuba masa. Sai da muka kai ƙarshen kunya na yi ƙarfin hali.

“Baba, saura nawa.”

Bai daina tafiya ba. “Na ɗaukam maka. Ranar sunanka, ana ruwa, na zame sau biyu ban yar da shi ba.”

“Ai anka ce a sake.”

“Anka ce wanda anka ɗauke ma nashi. Su ɗauke musu anka yi.” Ya rufe ramin da diddige. “Kai kyauta kab bayar.”

Na ji haushi, haushi mai tsanani. Na tsaya gaban kamiyo, na faɗi laifina da bakina a gaban mutane, na yi sawun da ya fi na kowa, me kuma ake so? Na je wa Gwaggo da ƙorafi, ina tsammanin za ta sa baki tunda ita ce babba. Ta ce ita duwatsu take ƙirgawa, ba ta ɗaukar wa kowa. Na yi wata biyu ba na cin abinci a gidanmu. Babu wanda ya zo biko, sai yunwa ce ta mayar da ni.

Barajin ya tsaya, kwarin ya yi albasa har ana kaiwa Madawa. Bajamushen ya tafi bayan damina, ya bar mini katin baƙar ƙofar, ban kuma cire shi daga aji ba, domin garinsu gari ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Sai dai daga wannan shekara, duk ranar da jadawali ya ce tarihi, nakan sa yara a gaba mu hau tsauni, Gwaggo ta yi darasin ina riƙe mata awaki. Wani mai duba makarantu ya zo ya tarar da aji wayam, ya rubuta a takardata cewa ina ɓata lokacin ɗalibai a kan duwatsu. Na karanta, na sa hannu, mako na gaba muka sake hawa. Har yau in na ji wani mai digiri yana cewa ƙauyukanmu ba su da tarihi, sai in tambaye shi ko ya taɓa tambayar gwaggonsa.

Baba ya rayu shekara tara bayan haka. Mun shirya, muna hira, shi ya nema mini aure, amma maganar dutse bai ƙara tayar da ita ba, ni ma girman kai ya hana ni. Ni na hau na kife nasa ranar da muka binne shi.

Kafin nan an haifa mini 'yar fari. Ranar suna na je gonar fako na zaɓi dutse, na ɗora a ka, na hau. Gwaggo tana can tana jirana, ta tsufa har sai an riƙe ta. Ta nuna mini jerinmu. Ga na Baba, ga na ƙannena uku sababbi, a tsakaninsu kuma ga wani rami daidai faɗin tafi biyu, wanda Baba ya tsallake da gangan duk sawun da ya yi. Ta ce in na ga dama in sa na yarinyar a ciki, ganuwa ta rufe, ba wanda zai ƙara tambaya.

Na tsaya da dutsen a ka har wuyana ya fara rawa. Sannan na sa shi a gefe, na bar ramin yadda yake. 'Ya'yana bakwai duk a gefensa na jera su. Na kuma gaya musu, ranar da aka dawo daga binne ni kada wanda ya wahalar da kansa ya hau neman abin kifewa, kuma kada wanda ya kuskura ya cike mini wurin.